Karantar da yaro a gida: Matsayin doka da nauyin da ke kan iyaye

Tun bayan da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ga kuma sace-sacen ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, ga tsadar makarantun kuɗi da ke ƙaruwa a kowane zango, wasu iyaye a birane sun fara tunanin cire 'ya'yansu daga makaranta baki ɗaya domin su karantar da su a gida. Wasu kuma sun ga yadda ake yin hakan a Amurka da Ingila, sai suka ɗauka abin da ya halatta a can ya halatta a nan.

Lamarin ba haka yake ba. Dokar Najeriya ba ta tsaya ga cewa a ba yaro ilimi ba, ta wajabta a kai shi makaranta. Saboda haka duk mahaifin da ya zaɓi karantar da ɗansa a gida kaɗai, ya ɗauki nauyin da makaranta ke ɗauka gaba ɗaya ba tare da wata kariya ta doka ba, kuma yaron ne zai fara ɗanɗana kuɗar duk wani kuskure ranar da aka nemi takardunsa.

Mene ne karatun gida?

Karatun gida shi ne iyaye su ɗauki nauyin ilimin yaro kacokan, ba tare da sunansa yana cikin rajistar wata makaranta da hukuma ta amince da ita ba. Iyayen na iya koyarwa da kansu, ko su ɗauko malamai, ko su yi amfani da darussan intanet, amma tsara karatun da auna shi duk yana hannunsu.

Wannan ya sha bamban da malamin lesin da ake ɗauka ya riƙa zuwa gida da yamma ko a ƙarshen mako, domin yaron da ake yi wa lesin ɗalibi ne a wata makaranta. Ya kuma sha bamban da jinyar da ke tsare yaro a gida na wani lokaci, makarantarsa tana aiko masa da aiki.

Koyarwa a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamai sun daɗe suna karantar da iyalansu a zaure da tsakar gida, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a gidan mahaifinta ta yi karatu, kafin ta kafa tsarin 'Yan Taru da ya kai ilimi ga mata a gidajensu. Abin da ya sauya shi ne, yanzu akwai dokar da ta fayyace irin karatun da ya zama tilas, da wurin da za a yi shi.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati ƙoƙarin kawar da jahilci da samar da ilimin firamare kyauta kuma dole. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, a farkon mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo, sannan a 2004 aka kafa Dokar Ilimin Bai-ɗaya Kyauta Kuma Dole, wadda ta haifar da Hukumar UBEC. Jihohi kuma suka kafa hukumominsu na SUBEB.

Sassa biyu na wannan doka ne suka shafi iyaye kai-tsaye. Sashe na 2 ya ce wajibi ne kowane mahaifi ya tabbatar ɗansa ko wanda yake riƙo ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma kammala su, wato shekara tara ke nan. Sashe na 4 ya ƙara da cewa wajibi ne yaro ya samu cikakken karatu da ya dace da shekarunsa da ƙwazonsa da baiwarsa, ta hanyar zuwa makaranta a kai a kai. Waɗanda dokar ta togace daga wannan wajibi su ne iyayen da ke zaune a wajen Najeriya.

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta maimaita wannan wajibi a sashe na 15. Ta kuma ce bayan ƙaramar sakandare iyaye su yi ƙoƙarin tura yaro babbar sakandare, idan hakan bai yiwu ba a ƙarfafa masa gwiwa ya koyi sana'a. Wannan doka tana aiki kai-tsaye ne a Babban Birnin Tarayya, jihohi kuwa kowace tana kafa tata, wasu da sunan Dokar Kare Yara. Don haka mazaunin kowace jiha yana buƙatar ya san abin da dokar jiharsa ta ƙunsa, ba ta tarayya kaɗai ba.

Babu ɗaya daga cikin dokokin tarayyar biyu da ta ambaci karatun gida. Ba su kira sunansa sun haramta shi ba, ba su kuma tanadi hanyar neman izininsa, ko ofishin da za a yi masa rajista, ko jami'in da zai riƙa duba shi ba. Wasu na ɗaukar wannan shiru a matsayin izini. Sai dai shirun bai goge kalmar makaranta daga sassan da suka ɗora wa iyaye wajibi ba.

Wa doka ke kira mahaifi, kuma mece ce makaranta?

Dokar 2004 ta faɗaɗa ma'anar mahaifi ta haɗa da mariƙi da duk wanda kula da yaro ke hannunsa. Ke nan kawun da ke riƙon ɗan ƙanwarsa, da kakar da jika ke hannunta bayan mutuwar aure, da matar da aka kawo wa yarinya daga ƙauye tana taya ta aiki, duk wajibin ya hau kansu. Yaron da dokar ke magana a kansa shi ne mai shekara 6 zuwa 16, mai lalura ne ko lafiyayye.

Makaranta kuwa a ma'anar dokar ita ce firamare ko ƙaramar sakandare, kuma ta cire ajin koyar da addini zalla da wurin koyon sana'a daga wannan ma'ana. Abin da wannan ke nufi shi ne, makarantar allo ko Islamiyyar yamma ko zaman shago wurin maigida, duk da muhimmancinsu, ba sa sauke wa mahaifi wannan wajibi su kaɗai. Islamiyya ko tsangayar da ta haɗa da darussan boko, ta kuma samu amincewar hukumar ilimi ta jiha a matsayin firamare, ita ce ke shiga cikin lissafi.

Hukuncin da aka tanada

Mahaifin da kotu ta samu da laifin ƙin kai ɗansa makaranta, a karo na farko za a ja masa kunne. A karo na biyu tarar Naira 2,000 ce ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun. Daga nan kuma tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyun. Kotun majistare na da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Dokar Haƙƙin Yara ta ƙara da sanya mai laifin yin aikin al'umma tun a karon farko.

Tarar ta zama 'yar kaɗan a kuɗin yau, kuma a ƙasar da Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 10 masu shekarun firamare ba sa zuwa makaranta, a fili yake cewa ba a aiwatar da hukuncin yadda aka rubuta shi. Amma rashin aiwatar da doka bai soke ta ba. Batun na iya tasowa ta inda ba a zata ba, musamman a shari'ar riƙon yara bayan rabuwar aure, inda ɗaya ɓangaren zai iya kafa hujja da cewa yaron ba ya cikin kowace makaranta.

Masu goyon bayan karatun gida suna kafa hujja da sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki da ya kare sirrin mutum da gidansa, da sashe na 38 kan 'yancin addini, da kuma sashe na 26 na Sanarwar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, wanda ya ba iyaye fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Hujjoji ne masu nauyi, amma muhawara ce da lauya zai yi a gaban alƙali, ba takardar izini ba ce da mahaifi zai nuna.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara abin

Ma'aikata da 'yan kasuwar da ke ƙaura da iyalansu zuwa ƙasashen waje suna shiga ƙarƙashin dokar inda suka sauka, kuma dokokin sun sha bamban ƙwarai.

A Ingila, sashe na 7 na Dokar Ilimi ta 1996 ya yi kama da sashe na 4 na dokar Najeriya kusan kalma da kalma, sai dai ya ƙare da cewa yaro zai samu karatun ta hanyar zuwa makaranta ko ta wata hanya dabam. A kan waɗannan 'yan kalmomi na ƙarshe, waɗanda babu su a dokar Najeriya, halaccin karatun gida ya tsaya a can. Mahaifi yana rubuta wa shugaban makaranta a cire sunan ɗansa, ba dole ba ne ya bi manhajar gwamnati, amma duk kuɗin karatu da na jarrabawa a kansa suke. Idan ƙaramar hukuma ta ga alamar yaron ba ya samun ilimin da ya dace, tana da ikon ba da umarnin a mayar da shi makaranta, kuma ƙin bin umarnin laifi ne.

A Amurka karatun gida ya halatta a dukkan jihohi 50, amma kowace da sharuɗɗanta. Jihar Niyok tana buƙatar sanarwa a rubuce kowace shekara, da tsarin darussa, da rahoto sau huɗu a shekara, da gwajin ƙarshen shekara. Jihar Tekzas kuwa ba ta neman rajista, sai dai ta ce karatun ya ƙunshi iya karatu da rubutu da nahawu da lissafi da tarbiyyar zama ɗan ƙasa nagari.

Jamus ta haramta shi. Ana cin iyaye tara, kotu na iya rage musu ikon riƙon yaran, kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan hukumomin ƙasar a hukuncinta na 2006 da na 2019. Faransa, wadda a da sanarwa kawai take nema, ta yi doka a 2021 da ta mayar da shi sai da izini, bisa dalilai ƙididdigaggu kamar rashin lafiyar yaro, ko nisan makaranta, ko yawan ƙaurar iyali.

A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta fi fayyace tsarinta. Sashe na 51 na Dokar Makarantu ta 1996 ya ba iyaye damar neman rajistar yaro a matsayin mai karatu a gida wurin shugaban sashen ilimi na lardi, bisa sharaɗin cewa hakan shi ne maslahar yaron, kuma karatun ba zai gaza na makarantun gwamnati ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya ƙara tsaurara sa ido a kai.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai ɗaya ne: ko a inda aka halatta shi, 'yancin iyaye yana tafiya ne tare da haƙƙin yaro na samun ilimi, kuma hukuma na riƙe da ikon tambaya.

Nauyin da ke kan iyaye

Akwai iyayen da larura ke tilasta wa ajiye yaro a gida, kamar doguwar jinya, ko lalurar da makarantun kusa ba su da kayan kula da ita, ko rufe makarantu saboda rashin tsaro. Su da waɗanda suka zaɓa da kansu, nauyin da ke kansu iri ɗaya ne.

Na farko shi ne manhaja. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar firamare da sakandare a Najeriya, kuma a kanta ake gina jarrabawar ƙasa. An kasa shekaru taran gida uku: aji ɗaya zuwa uku na firamare, aji huɗu zuwa shida, sai shekara uku na ƙaramar sakandare. Yaron da aka koyar da manhajar wata ƙasa daga intanet yana iya ƙwarewa a Turanci da lissafi, amma ya rasa tarihin Najeriya da harshen gida da sauran abin da za a tambaye shi a nan.

Na biyu lokaci. Doka ta ce cikakken karatu, ba na ganin dama ba. Makaranta tana da zango uku a shekara da jadawalin kowace rana. Ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da la'asar, ko ɗan kasuwar da ba ya rufe shago sai magariba, ya kamata ya tambayi kansa wane ne zai zauna da yaron a waɗannan sa'o'i. Sau da yawa nauyin kan uwa yake komawa, a kan girki da raino da nata aikin.

Na uku malami. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma Hukumar TRCN ce ke yi wa malamai rajista. Mahaifi na iya koyar da ƙaramin yaro baƙi da ƙirga, amma kimiyya da lissafin ƙaramar sakandare suna buƙatar wanda ya san fannin. Duk malamin da za a shigo da shi gida a binciki takardunsa da halinsa, a kuma yi darasin a inda idon manya ke kaiwa, domin babu shugaban makaranta ko wasu malamai da za su lura idan wani abu ya faru.

Na huɗu adana shaida. A riƙa ajiye jadawalin darussa, da littattafan aikin yaro masu kwanan wata, da sakamakon gwaje-gwaje, da rasiɗan kuɗin malamai. Waɗannan ne abin nunawa idan jami'in ilimi ko kotu ta tambaya, kuma da su makaranta za ta san ajin da za ta ajiye yaron idan ya koma. Yana da kyau wani malami daga waje ya riƙa gwada yaron a ƙarshen kowane zango, domin ido ba ya ganin kansa, kuma iyaye ba su cika ganin raunin ɗansu ba.

Na biyar cuɗanya da lafiya. A makaranta yaro ke koyon bin layi, da haƙuri da wanda ba ɗan gidansu ba, da magana a gaban jama'a. A can kuma malami kan fara gano yaron da ba ya gani sosai ko ba ya ji. Wanda ke gida yana buƙatar wasanni da abokai da duba lafiya da cikakken rigakafi, kuma iyaye ne za su nema masa.

Na shida shi ne kada karatun gida ya zama mayafi. Yaron da aka ce yana karatu a gida amma ya wuni a shago ko yana talla, ba ɗalibi ba ne. Sashe na 30 na Dokar Haƙƙin Yara ya haramta amfani da yaro wajen bara, ko talla a manyan tituna, ko duk wani abin da zai hana shi zama a makaranta. 'Ya'ya mata ne suka fi shiga wannan haɗari, domin cikin sauƙi karatunsu ke narkewa a aikin gida.

Batun jarrabawa da takardu

A nan ne matsalar ta fi fitowa fili. Takardar shaidar kammala firamare ta hannun makaranta da hukumar ilimi take fitowa, kuma ana yawan neman ta wajen ɗaukar aikin gwamnati da na ɗamara da kuma tantance ma'aikata. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wadda jihohi da Hukumar NECO ke shiryawa, makarantu ne ke yi wa ɗalibansu rajistarta, kuma ana haɗawa da makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara a aji. Yaron da ba ya cikin kowace rajista ba shi da wannan maki.

A matakin babbar sakandare ƙofar ta fi buɗewa. Hukumar WAEC tana shirya jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, a farkonta da kuma ƙarshenta, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara, kuma ba a buƙatar makaranta kafin a zauna su. Da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, ɗalibi na iya neman jami'a ta hanyar jarrabawar JAMB, wadda ke buƙatar lambar NIN, kuma mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne. Sai dai mai son likitanci ko injiniya yana buƙatar sanin aikin ɗakin gwaje-gwaje, abin da da wuya a samu a gida.

Tun da wuri kuma ya kamata a mallaki takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da lambar NIN ta yaron, domin wanda ba ya makaranta ba shi da wata hukuma da za ta tuna wa iyayensa.

Hanyar da ta fi aminci

Ga wanda yake ganin zaman gida ne maslahar ɗansa, mafi aminci shi ne kada ya yanke alaƙa da makaranta. Ya nemi makarantar da gwamnatin jiha ta amince da ita, ya bayyana mata halin da ake ciki, a yi yarjejeniya a rubuce cewa sunan yaron zai zauna a rajista, zai bi manhajarta, zai kuma zo gwaji da jarrabawa. Idan dalilin jinya ne, a haɗa da takardar likita. A kuma rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi a ajiye.

Wannan ba daidai yake da sayen sakamako daga makarantar da ba ta taɓa ganin yaron ba. Wancan maguɗi ne, kuma yana iya jawo soke sakamakon yaron da rufe makarantar.

Makarantun intanet ma sai an yi hattara. Kafin a biya kuɗi, a tambayi wace hukuma ce ta amince da makarantar, wace jarrabawa take shirya ɗalibai su zauna, kuma a wace cibiya za su zauna ta. Takardar da jami'o'in Najeriya ba su san da ita ba, ado ce kawai a bango.

Idan rashin kuɗi ne ya kawo tunanin, ya kamata a tuna cewa dokar 2004 ta ce karatu a firamare da ƙaramar sakandaren gwamnati kyauta ne, har ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta. Mayar da yaro makarantar gwamnati tare da ƙara masa lesin a gida ya fi araha a kan ɗaukar malamai uku ko huɗu, kuma ya cika sharaɗin doka.

Matuƙar Majalisar Tarayya ko majalisar wata jiha ba ta yi gyaran da zai amince da karatun gida ya kuma tsara yadda za a riƙa duba shi ba, matsayinsa a Najeriya shi ne ƙari a kan makaranta, ba madadinta ba. Mahaifi na iya sauya ra'ayi bayan shekara uku ko huɗu, amma yaron da ya kai shekara 12 ba tare da aji ko takarda ba, ba za a iya mayar masa da shekarun ba.